Bakin Gambo

Bilkisu ta fizge ludayin daga hannun tsohuwar, koko ya fantsama a ƙasa.

"Kashe shi za ki yi, Inna? Mutum rabin jikinsa ya shanye, yana kwance rigingine, ki ɗura masa koko? Ai ba ciki za shi ba, huhu zai sauka!"

Ramatu, matar mara lafiyan, ta share hawaye da bakin zane. "To ɗiyata, a bar shi ya koma ga Ubangijinsa da ƙishirwa?"

"Babu inda za shi."

Bilkisu ce kaɗai mace cikin masu jinya a ɗan asibitin Madarumfa, kuma tun da aka sauko da mutumin daga amalanke ta gane shi. Gambo ne, dillalin gyaɗa na Ɗan Issa. Shi ne ya dafa Alƙur'ani a gaban alƙali ya rantse cewa ubanta, Musa masunci, ya sace masa buhunan gyaɗa. Musa ya mutu a gidan kaso na Maraɗi. Har yau in uwarta ta je rijiya, mata sai su tsuke baki su ja tulunansu gefe.

Wallahi ta tsani mutumin nan. Da kashe shi take so, ai shiru kawai za ta yi, ludayin Ramatu ya gama mata aiki. Amma mutuwa ta yi masa sauƙi. Bakin da ya yi rantsuwar nan, wanda yanzu ko kalma ba ya iya fitarwa, shi take so ya warware ta a gaban mutane.

Ta juya shi bisa gefensa, ta naɗe auduga a tsinke, ta tsoma cikin ruwan gishiri mai ɗumi. Kai, wari! Harshen ya yi fari fat ya tsattsage, tsohon goro da tuwo sun ruɓe a kumatun da ya mutu. Ta san irin wannan ƙazanta ce ke gangarawa ƙirji ta zama zazzaɓi. Ta kwashe ta tas, ta goge dasashi, ta shafa masa man shanu a leɓe. Kullum haka, safe da yamma, ba fashi.

Alhassan, babban mai jinya da suke kira majo, yakan tsaya a ƙofa yana tsokanarta. "Bilkisu, wannan hidima haka, sai ka ce ubanki!"

Ita dai sai ta ci gaba da aikinta.

Wani hantsi, ɗakin cike da 'yan dubiya daga Ɗan Issa, harshen Gambo ya motsa. Maganar ta fito a karkace, amma ta fito.

"Allah ya yi miki albarka. Ɗiyar wa ce ke?"

Ta ɗaga murya yadda na bakin ƙofa ma zai ji.

"Ɗiyar Musa masunci ce. Wanda ka rantse a kansa."

Ta ƙura masa ido tana jiran tsoro, ko kunya, ko da musu ne ma. Gambo ya dube ta da idon nan guda mai rai, babu komai a ciki sai neman sani.

"Wane Musa?"

Ba ƙarya yake yi ba, ta gani. Ya manta, kuma ba ciwo ne ya mantar da shi ba.

'Yan dubiya suka yi ta hamdala, baki ya buɗe. Ramatu ta matso tana tambaya ko za a sallame su gobe.

"Da saura, Inna," in ji Bilkisu. Ta jawo kujera ta zauna daf da kunnensa mai ji, ta soma ba shi labarin tun daga farko.