Tsohon Ganye

Mutanen ƙauyensu, waɗanda yanzu suka warwatsu a unguwannin Sabon Birni, suna cewa Lawwali bai taɓa zama a aji ba, amma yana karanta ganye kamar yadda malami ke karanta allo. Wai tun yana gonarsa can bayan Gangara, yakan tsaya ya ƙura wa gero ido ya ce, "Wanga ƙishirwa gare shi," ko "Wanga tsutsa ta a saiwa," a tona a tarar haka ne. Mata kuwa abin da suke yabawa daban ne. Sun ce ɗa ne mai biyayya, domin ranar da 'yan bindiga suka tashi garin, a bayansa ya goyo uwarsa, Inna Halima, har bakin titi.

Damina biyu ke nan bai riƙe fartanya ba. Gonar tana nan, amma mai zuwa can sai wanda ya sallama ransa. Abin da ya rage masa na noma shi ne wani akwatin gilashi a falon Alhaji Hafizullahi, dillalin albasa. Akwatin cike yake da ruwa, da 'yan kifaye masu launi kamar atamfa, da tsirrai da aka dasa cikin tsakuwa a ƙasan ruwan. Lawwali ne ke kula da su, ya share tsakar gida, a ba shi abincin rana da ɗan abin sayen hatsi. Yakan ci nasa a can, yana lissafin cewa ya rage wa gida baki ɗaya.

Ranar wata Laraba da hantsi Alhaji ya kira shi, almakashi a hannu.

"Manomin ruwa, zo ka ga gonarka. Ciyawar ga ta tsufa. Yanke waɗanda sunka koɗe, baƙi za ni yi ran Juma'a, kada su ce shara nika kiwo."

Lawwali ya durƙusa har numfashinsa ya dusashe gilashin. Ya dubi ganyen sama, ya dubi na ƙasa. Ya naɗe hannun riga, ya tsoma hannu ya murza ɗaya a hankali tsakanin yatsunsa. 

"Ranka shi daɗe, ba tsufa na ba."

"To mi na na? Aljannu?"

"In da sabon ganye na ya fito fari, sai in ce ƙasar ta gaji. In da baƙin gansakuka na ya rufe shi, fitilar ga ta cika daɗewa kunne. In da huji na, in tuhumi kifi. Amma duba, na sama kore shar. Na ƙasa, manyan, su ka yin ruwan ɗorawa, daga baki zuwa ciki. Yunwa ta. In abinci ya gaza, tsiro bai raba shi daidai. Zarewa shika yi daga tsohon ganye shi kai ma sabo. Mai kallo sai shi ga sama lafiya lau, shi ce na ƙasa kwanansa na ya ƙare."

Alhaji ya yi dariya ya ajiye almakashin. "Kai, ciyawa ma da wayonta. To maganin fa?"

"Lakar fadama za ni cura da ɗan taki, in tura ƙarƙashin saiwa."

"Kuma su dawo kore?"

"Wanda ya fara, ana cetonsa. Wanda ya gama koɗewa bai komawa."

Alhaji ya gyara zama yana duba wayarsa. Can, don dai kada a yi shiru, ya ce, "Af, ya jikin tsohuwa? An ce ba ta fitowa."

"Da sauƙi, ranka shi daɗe. Ba wani ciwo na ba, tsufa na kawai…"

Bai ƙarasa ba. Ruwa na ɗiga daga gwiwar hannunsa bisa dardumar Alhaji, shi kuwa ya tsaya kamar wanda aka kira sunansa daga nesa.

* * *

Bai taɓa dawowa gida da rana ba. Yau ya shigo da kwanon shinkafarsa a rufe, matarsa Sadiƙa ta ɗago daga wanki a firgice.

"Lafiya? An kore ka?"

Ya girgiza kai. Ya nufi ɗakin da ke kusurwa, amma bai yi sallama ba. Ya raɓe jikin zana yana leƙe.

Inna Halima tana jingine da bango. Gabanta ƙwaryar fura ce, wadda ruwanta ya fi gerinta yawa, rabonta na yini. Jikokinta biyu, Zakiyya da Ikramu, sun durƙusa gabanta. Ta cika ludayi ta kai bakin ƙaramar, ta cika ta kai bakin babbar.

"Kaka, ke fa?" in ji Zakiyya.

"Ni? Ƙawata, ai ni tun kuna barci nic ci tuwo da nama. Ba ku ji ƙamshi ba? Shanye, kada ki rame a ce ƙawata ba ta da kyau."

Yaran suka ƙyalƙyale. Da suka gama, ta sa yatsa ta lashe abin da ya maƙale a gefen ƙwaryar, ta kife ta.

Lawwali ya dubi 'ya'yansa. Kumatunsu a cike, fatarsu na sheƙi. Sau nawa ya dube su ya gode wa Allah, ya ce duk da gudun hijira gidansa bai san yunwa ba? Ya komo wajen Sadiƙa, muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Tun yaushe?"

"Tun da munka koma awo ɗaya." Ta matse rigar da ke hannunta ba ta dube shi ba. "Na hana su shiga, ta yi fushi kwana biyu ba ta amsa gaisuwata. Na ƙara mata daga nawa, ta maido. Na ce ma ƙafafunta sun kumbura, Baban Zakiyya. Sau biyu na faɗa ma. Mi kac ce?"

Ya san abin da ya ce: tsufa ne.

Shi ne ɗan fari. Tun da ya yi wayo bai taɓa jin sunansa a bakinta ba. Ba ta cin abinci a gabansa, ba ta haɗa ido da shi, in tana da magana sai ta faɗa wa bango ko ta aiko jika. Kullum da safe yakan durƙusa a bakin ƙofa, kai a sunkuye, ya gaishe ta, ta amsa daga ciki, "Lafiya lau." Wannan kunyar ita ce mutane ke yabo. A bayan kunyar nan ya ɓuya wata biyar, bai dubi fuskar uwarsa ba.

* * *

Ya yi sallama ya shiga har ciki. Ta yi sauri ta ja zane ta rufe ƙafafu, ta juya fuska ga bango.

"Ku gaya ma mai gidan ga rana ba ta faɗi ba, mi ya maido shi?"

Bai ba yaran saƙo ba. Ya zauna a ƙasa kusa da ita, ya ɗage bakin zanen. Ƙafar ta kumbura tana ƙyalli. Ya danna ta da babban yatsa, ya ɗaga. Ramin ya zauna, bai ciko ba. Ya kama hannunta ya buɗe. Tafin fari fat, kamar an wanke shi da toka. Hannun da ya san shi da kanta da ƙarfi, yau ba shi da nauyin ludayi.

Ganyen da ya fara koɗewa ne, ko wanda ya gama? Ya duba, ya sake dubawa. A karo na farko a rayuwarsa ya kasa karantawa.

Ya buɗe kwanon shinkafar ya tura gabanta. Ƙamshin mai ya cika ɗakin. Ya ga maƙogwaronta ya motsa. Ta daɗe tana kallon kwanon ta gefen ido, sannan ta sa yatsu biyu ta fara tura shi a hankali wajen Ikramu.

Lawwali ya dafe kwanon. Ita tana turawa, shi yana riƙewa, kuma ƙarfinta bai kai ya motsa shi ba ko kaɗan. Wannan ne ya karya shi.

"Inna," ya ce. Muryarsa ta fito da ƙarfi har Sadiƙa ta daina wanki a waje. "Inna, dube ni. Ciyawar wani nika duba kullum, ganye bayan ganye, ke ban dube ki ba. Ki gafarce ni."

Ba ta juyo ba. Amma yatsunta sun tsaya a bakin kwanon, sun daina turawa.