Bayan Takalmin Usuman

Kakan Usuman ya taso daga Haɗeja a ƙafa, ya iso Makka bayan shekara bakwai. Wannan labari Usuman ya gada, tare da gida mai ɗaki biyu a unguwar Nuzla da ke Jidda. Yakan ce tafiya a jininsu take. Galibi yana zaune a mota yake faɗin haka, don ko kantin da ke tsallaken titi da mota yake zuwa.

Ya shafe shekara ashirin da shida yana tuƙa bas ɗin wani ƙaramin kamfani mai kai ma'aikata wurin aiki. Da mai kamfanin ya tsufa, 'yarsa Mashael ta karɓa, ta duba ta ga yanzu mutanen Jidda da kansu suke neman a kai su kan duwatsu ranar Asabar su sha wahala. Sai ta sauya wa kamfanin sana'a. Ita ma kakanta daga ƙasar Hausa ya zo, sai dai ya iso da wuri ya samu takardar ɗan ƙasa. Kakan Usuman ya tsaya noma a Sudan shekara uku. Shi ya sa ita ce kafili mai tsaya masa, shi kuma mai iƙama, wato takardar izinin zama, kuma saura mako biyar iƙamar ta ƙare.

Ta kira shi ofis. Hausarta ba ta da yawa, tana cike gurbi da Larabci.

"Ammu Usuman, yanzu direba kawai ba ya isa. Wanda ya kai mutane gindin dutse shi zai bi bayansu, ya tabbata ba a bar kowa ba. Nan da mako biyu za mu gwada hanya. Kilomita tara, awa uku. In ka gama, in sabunta iƙama. In ba ka gama ba..." Ta juya tafin hannu.

"Kakana..."

"Na sani. Shekara bakwai. Ni awa uku nake so."

Ƙanenta Mazen na tsaye jikin taga. Shi ya tsara hanyar, shi ya yanke awa ukun, kuma yana da agogon da ke gaya masa ko zuciyarsa na bugawa. Ya ce da Larabci, ba tare da ya kalli kowa ba, ba abin kunya ba ne mutum mai shekara hamsin da huɗu ya huta. Usuman ya yi masa godiya.

Mashael ta tura shi wani kantin kayan motsa jiki, ta ce ya je da yamma, lokacin da ƙafa ta kumbura ta kai iyakar girmanta. Mai sayarwar, Badr, Bahaushe ne haifaffen unguwar Bani Malik, mutum mai kimanin shekara arba'in wanda ke maganar ƙafa kamar likita. Kafin ya buɗe baki Usuman ya riga ya zaɓa: wani ɗan siririn takalmi mara igiya, wanda ake zurawa kawai.

"Wannan na hawan bangon dutse ne, ya ammi, da igiya a ƙugu," in ji Badr. "Ba a tafiya da shi."

"Takalmin da ba a tafiya da shi."

"Na'am."

"Bari in gani."

Ya gani. Yatsunsa suka cure wuri ɗaya kamar fasinjojin bas ɗin ƙarshe. Ya tsaya a ciki daƙiƙa goma don kada a ce ya ji zafi, sannan ya ce launin ne bai yi masa ba.

Badr ya kawo na gudu a kan tsauni, mai haƙora a ƙasa kamar tayar babbar mota. Ya durƙusa ya ɗaure masa, ya danna babban yatsansa a gaban takalmin ya ce dole a bar wuri kamar haka, don in ana gangara ƙafa gaba take zamewa, farce ya yi baƙi. Ya sa shi ya hau wani katako mai gangare ya sauko, sau huɗu.

"Gaba a sake, baya a matse," ya ce. "Ka ji wannan abu mai tauri a baya? Shi ke riƙe dunduniya. In ya mutu, khalas, shi ke nan, silifa ka saya."

"Alwala fa?"

"Ka yi shafa a kan safa. Kowa haka yake yi a dutse."

"Gidanmu wanke ƙafa muke yi."

Badr bai ja ba. Ya haɗa masa da safa mai kauri da wata jakar ruwa da ake goyawa, mai ɗan tiyo da ake tsotsa. Usuman ya ce zai yi kama da majinyacin da ya gudo daga asibiti da ledar ƙarin ruwansa, amma ya karɓa. Sanda ce ya ƙi. Ya ce bai kai nan ba tukuna.

An ce ya riƙa sawa kullum don ƙafa ta saba. Ranar farko ya tafi masallaci da shi sallar magariba. Kafin ya kwance igiyar hagu liman ya yi ruku'u, kafin ya kwance ta dama an ɗago. Shekara talatin bai rasa raka'ar farko a masallacin unguwa ba, kuma akwai mutanen da ke lura da irin wannan.

Washegari ya yi wa takalmin abin da ya yi wa kowane takalmi da ya taɓa mallaka, har da na ranar aurensa: ya taka bayan don ya kwanta, a riƙa zurawa da zarewa. Bayan ya ƙi. Ya taka, ya ɗaga ƙafa, abin ya miƙe. Usuman ya jinjina wa masu ƙera shi, ya ce lallai sun san aiki. Sannan ya naɗe bayan ciki, ya ɗora tukunyar gas a kai.

Matarsa Dela, wadda ke kiransa Abu Ruba saboda 'yarsu, ta tarar da shi a kicin yana gyara wa tukunyar zama.

"Abu Ruba, ba wannan ba ne aka ce kada a taɓa bayansa?"

"Ranar gwajin zan ɗaga shi."

"Ka taɓa ɗaga wanda ka kwantar?"

"Ban taɓa buƙata ba."

"Tayyib. In za ka dafa shi ma ka gaya mini, in rage cefane."

Kwana uku ya ɗauka kafin bayan ya kwanta. A rana ta huɗu ya samu sahun gaba.

Asabar ɗin gwaji, bayan sallar asuba, ya kwashi Mashael da mutum goma sha biyu, ciki har da Mazen, zuwa tsaunukan da ke arewa da gari. A gindin dutse ya laɓe bayan bas, ya sa yatsa ya ɗaga bayan takalman, ya ɗaure igiya tamau. Sun tsaya har taku ashirin, sannan suka koma yadda suka saba.

Hawan bai zo da matsala ba, in ban da numfashi da kuma ƙarar faf-faf da ke biye da shi. Shi ne na ƙarshe, kuma aikinsa ke nan, abin da ya sa a karon farko a rayuwarsa rashin sauri ya zama ƙwarewa. Ya isa ƙololuwa bayan awa ɗaya da minti arba'in. Ya tsotsi tiyo, ya yi tunanin kakansa, ya ji yana ɗan jin haushinsa.

Gangara ce ta kawo magana. Hanyar duk tsakuwa ce mai zamewa, a gefe kuma kwazazzabo. A wata kwana ƙafarsa ta hagu ta tsaya, takalmin ya ci gaba. Usuman ya tsaya yana kallonsa yana mirginawa cikin natsuwa har ya ɓace a ƙasa. Sauran sun riga sun sha kwana. Saura minti hamsin. Ya gwada taku uku da safa kaɗai a kan tsakuwar, ya gane cewa ko dai kakansa ya fi shi tafin ƙafa, ko kuma labarin an ɗan ƙara masa gishiri. Ya zauna, ya gangara kwazazzabon da mazaunai.

Takalmin na nan kwance kusa da wata bishiyar ƙaya. A ƙarƙashin bishiyar kuma Mazen ne zaune, riƙe da idon sawu wanda ya kumbura. Usuman ya lura bayan takalmansa a tsaye suke ƙyam.

"Ammu Usuman. Yaya aka yi ka san ina nan?"

Usuman ya matsa a hankali ya zura ƙafa cikin takalminsa. "Aikina ke nan."

"Na ga lokacin da ya faɗo. Kaɗan ya rage ya same ni a ka."

"To."

Wayar Mazen ba ta kama komai a ramin.

"Me ya kawo ka nan?"

"Agogo ya nuna hanyar yanke."

"Yanzu me yake cewa?"

"Wai in ƙara sauri." Mazen ya share gumi. "Ya ammi, ba sai Mashael ta ji batun agogo ba."

"Takalmi ma ba wani labari ba ne."

"Wane takalmi?"

Mazen ya cire takalmin ƙafar da ta kumbura, ya zare igiyar, ya nuna wa Usuman yadda zai zagaya ta ƙarƙashin tafin ya ɗaure a idon sawu. Ɗaya ƙafar suka ɗaure da ragowar igiyar Usuman. Mazen ya rataya hannu a wuyansa, ya miƙa masa sandarsa guda. Usuman ya karɓa.

Sun iso da jinkirin minti hamsin. Babu wanda ya tafi, don makullin bas na aljihun Usuman. Mashael na tsaye a inuwar motar. Mazen ya yi bayani da Larabci mai tsawo: ya sauka duba wata sabuwar hanya ce saboda baƙi na gaba, Ammu Usuman kuma ya lura sawun mutum ɗaya ya bar hanya, ya bi. Ya ce irin wannan ido sai gado.

Mashael ta saurara har ƙarshe. Sannan ta kalli ƙafafun Usuman, ta daɗe tana kallo.

"Awa uku da minti hamsin," ta ce.

"Da kaya," in ji Usuman.

Ta waiwaya ta dubi mutum goma sha ɗayan da suka gama a kan lokaci. Suna zaune suna cin dabino, kuma sai da suka hango Mazen yana ɗingishi suka tuna da shi aka zo.

"Gobe ka kawo iƙama ofis," ta ce. "Daga nan ka koma wurin Badr. Duk Asabar, kafin ka tada mota, zan sa yatsa in duba bayan. Duka biyun. Yalla."

Badr ya ɗaga tsohon takalmin ya duba, ya ce, "Tukunyar gas?" Usuman ya ce e. Badr ya ce mahaifinsa da ƙafar gado yake yi.

Sabon takalmin yana saman firji, inda Dela ta ajiye shi, ta cusa masa jarida a baya. Ranar Asabar kaɗai take sauko da shi, ta miƙa masa a bakin ƙofa. Tsohon kuma da shi Usuman ke zuwa masallaci. Ya ce a duk takalman da ya taɓa kwantarwa babu mai riƙe tayil ɗin wurin alwala kamarsa, kuma tuni mutum biyu a sahun gaba sun tambaye shi inda ake sayarwa.