Mai Jan Bakin Malam Abdussalami

Ranar da labari ya iso cewa an yi wa Malam Abdussalami afuwa, kowa a garin murna yake, ban da Mudi. Shi cikinsa ne ya ɗuri ruwa. Sau huɗu yana zagayawa kafin azahar, har matarsa Luba ta fara zargin miyarta ta jiya.

Garin nasu ɗan ƙarami ne, tsakanin Dangora da Ba'awa. Shekara goma sha ɗaya Mudi ne mai jan bakin Malam a tafsirin azumi: ya karanto aya da muryar nan tasa mai daɗi, ya tsaya, Malam ya fassara ya ɗora wa'azi. Gwiwa da gwiwa suke zama. To, a azumin da ya faɗo cikin damina, dagaci ya riƙa kwashe magidanta zuwa noman gandunsa, ciyawa na cinye nasu gonakin. Malam ya ce wannan zalunci ne, kuma ba a ɓoye ya faɗa ba. Bayan kwana uku 'yan doka suka dira. Da aka tambayi mutanen gari, kowa ya zama kurma, sai aka tasa ƙeyar Mudi gaban alƙali, tunda shi ba damar ya ce bai ji ba. Aka ba shi rantsuwa, ɗan doka na tsaye a bayansa da bulala, gogan naka kuwa ya zazzage komai tas. Aka yanke wa Malam shekara biyar a gidan yarin birni. Mudi ya dawo gida ya ce wa mutane shi bai faɗi komai ba, har aka riƙa yaba masa.

Ga shi shekara biyu kacal an sako Malam, saura kwana shida azumi. Kalma ɗaya zai furta, zaman Mudi a garin nan ya ƙare.

Kwana biyu Mudi na wuni a gona, gonar da ko shuka ba a yi ba. A na uku Malam ya aiko a kira shi da hantsi. Mudi ya tuɓe takalmi tun daga nesa, ya durƙusa a bakin zaure. Malam ya rame har rawani ya yi masa yawa, ga tabon marin ƙarfe na gidan yari baƙi ƙirin a idon sawunsa. Mudi ya kalla sau ɗaya, bai sake ba.

"Allah ya gafarta Malam, barka da sauka."

"Yauwa, Mudi. Matso. Afuwar nan da sharaɗi aka ba ni. Duk inda zan yi wa'azi sai an zaunar da mutum kusa da ni, wanda zai riƙa kai wa dagaci abin da na faɗa. Na sake taɓa hukuma, in koma in cika ukun da suka rage. Na ce su ba ni kai."

"Ni, Malam?"

"Kai. Wani aka sa, sai ya ƙara gishiri don a ji daɗinsa. Kai kuwa ina tsaye ka ba da shaida, ba ka ƙara mini ko harafi ba. Ban gaya wa kowa ba, ba kuma zan gaya ba."

Mudi ya fashe da kuka. Ya so a ce zaginsa aka yi.

Ran ɗaya ga azumi bayan la'asar, ƙofar masallaci ta cika, har da Fulanin rugage. Can gindin tsamiya ga wani bawan Allah, Buba yaron dagaci, ya yi tagumi kamar mai neman lada. Wato ko Mudi ya rage wani abu gobe, akwai wanda zai cika. Mudi ya saci kallon Malam, ya ga fuskar nan da ya sani tun da, ta mutumin da ya riga ya yanke abin da zai faɗa. Tsoro ya rufe shi.

Ya ja aya ta farko. Inda ya kamata ya tsaya, sai ya zarce ta biyu. Malam ya gyara murya, shi kuwa ya faɗa ta uku. Muddin bakinsa na motsi, Malam ba shi da wurin magana, ba wanda zai katse mai karatu. Ya kama jan kowane harafi iya tsawonsa, idonsa na kan inuwar tsamiya, yana roƙon Allah rana ta faɗi. Tsofaffi suka fara kallon juna. Maƙogwaro ya bushe, ga azumi, muryar ta dusashe, amma ya ƙi tsayawa.

Sai ya ji hannun Malam a kan gwiwarsa.

"Ya isa, Mudi," in ji Malam a hankali. "Ni ma tsoron nake ji. Tsaya in yi magana, kuma ka saurara da kyau."

Mudi ya rufe bakinsa.