Keken Habbanaye

Raihana ta yi wa bayan Innarta Asabe nauyi. Shekararta tara, ƙafafunta ba sa ɗaukarta, kuma kullum da safe Asabe ke goya ta zuwa makarantar firamare ta Gwashi. A daminar nan ƙugun Asabe ya ce ya gaji. Yarinya ta koma zaman tabarma, tana jin ƙawayenta suna wucewa, ba ta cewa komai. Shirun nan ya fi kuka ƙona ran uwar.

An taɓa rabon keken guragu a Bukkuyum. Asabe ta je, ta sha rana, aka ƙare kafin a zo kanta.

Rannan Saudatu mai nono ta shigo, tallenta a ka, tana tura wani ƙaramin keken guragu. Na ɗanta ne Musbahu. Ya girma, an sayar da maraƙi an saya masa babba.

To Asabe fa talaka ce mai zuciyar sarauta, ko gishiri ba ta roƙo.

"Saudatu, ni ba ni amsar sadaka."

"Wa ya ce miki sadaka ce? Habbanaye na kawo. Mu can ruga in munka ba mutum aron saniya, sai ta haihu ya riƙe ɗan, ya maido muna uwar."

Asabe ta yi dariya duk da zafin ƙugu. "Shi ƙarfe haihuwa yakai?"

"Ku Hausawa kun cika gardama. Babu mai walda a kasuwa? Ya duba wanga, ya ƙera irinai. In naku ya samu, ki maido, akwai wata ɗiya a Gummi tana jira."

Wannan kam ba roƙo ba ne, amana ce, kuma Asabe ta san ɗaukar amana. Ta ware waken da za ta sayar bayan kaka don aikin mai walda, ta ce an gama.

Da safe Raihana ta hau. Ta karkace, ta ci karo da turmi, ta gyara. Asabe ta kai hannu za ta tura.

"Inna, bari. Ni ka zuwa da kaina."

Asabe ta tsaya a ƙofar gida, hawaye na zuba, tana ta ihun a yi hankali da kwata. Yarinyar ko waiwaye ba ta yi ba.