Cakulan da Ya Narke a Aljihun Papa

Mai gasa agade a bakin tashar Kejetia ta ɗaura jan balan-balan mai siffar zuciya a jikin murhunta, zafin gawayi har ya yamutsa masa gefe ɗaya. Shi nake kallo lokacin da Papa ya sauko daga motar ƙauyenmu. Ya tsaya yana waige-waige. Masu talla, 'yan mata, har direbobi, kowa da jan kaya.

"Afrakoma," ya ce ƙasa-ƙasa, "wane babban mutum ya rasu a Kumasi ba mu ji a rediyo ba?"

Ban ga laifinsa ba. A ƙauye sai ranar makoki ake fito da jan zane.

"Ba wanda ya rasu, Papa. Ranar masoya ce."

"Masoya? To mene ne na makoki?"

Sati uku ke nan Maame, mahaifiyata, tana ɗakina. Papa ya sare bishiyar lemun da ta dasa shekarar aurensu, wai tana cinye wa itatuwan kokonsa wuri a gona, bai ko tambaye ta ba. Ita kuwa ta haɗa jakarta ta taho. Yau ya zo tafiya da ita gida, amma na san mahaifina. Shekara talatin da biyu suna tare, ban taɓa jin "yi haƙuri" ta fito daga bakinsa ba.

Muka ratsa cikin kasuwa. Furannin roba, 'yan tsana rungume da zuciya, cakulan jibge a faranti, komai an ƙara masa kuɗi. A jami'a na taɓa rubuta takarda guda a kan yadda 'yan kasuwa ke hura wutar wannan rana, malamina har ya yaba. Duk da haka da safe sai da na ɗaura ɗan jan zare a gashina, inda ba kowa zai lura ba.

"Dattijo, saya wa uwargida!" wata mai talla ta tare shi. "Ko kuwa yarinya ka ajiye a gefe?"

"Ke, ji bakinki!" Ya ɗauki cakulan ƙwaya ɗaya ya juya shi. "Kokon da na shanya da hannuna ne fa. Kun naɗe shi a takarda mai ƙyalli kuna sayar mini."

"To ai ka san mai kyau ne ke nan."

Ya ajiye, muka wuce. Mun yi 'yar tafiya sai ya ce in jira shi, igiyar takalminsa ta kwance. Takalmin Papa ba shi da igiya. Na juya baya ina karanta allon wani shago har ya dawo.

Motar unguwarmu ta daɗe a cunkoso, rana tana dukan gefen da ya zauna. Hannunsa na kan aljihun rigarsa tun da muka shiga.

Mun tarar da Maame a baranda tana ɓare gyaɗa, sanye da jar rigar da matan cocin unguwa suka ba ta. Ba ta ɗago ba.

"Dufie," ya ce. "Ke ma kin shiga bikin nasu?"

"Makokin bishiyata nake yi, Kwadwo Fosu."

Ya zauna a ƙarshen benci. Ya yi zancen hanya, ya yi zancen akuyar da ta haihu, ya ce rufin kicin yana yoyo. Ita dai gyaɗarta take ɓarewa. Da zance ya ƙare masa, sai ya sa hannu a aljihu ya zaro cakulan ɗin. Ya lanƙwashe, ya yi laushi kamar dafaffiyar ayaba, har ya ɓata masa riga.

Maame ta dube shi, ta dubi rigar.

"Mene ne wannan?"

"An ce yau ake bayarwa."

"Shekara arba'in kana noman koko, ba ka san rana tana narkar da shi ba?"

"Ina na taɓa saye?"

Ta karɓa da yatsu biyu, ta buɗe takardar a hankali. Ta lakata ta kai baki.

"Sun cika sukari," ta ce. Ta sake lakata.

"Kututturen ya fara toho," Papa ya faɗa yana kallon ƙafarsa. "Na kewaye shi da kara saboda awaki. Kullum ina ba shi ruwa, amma ban san ko daidai nake yi ba."

"Ba daidai kake yi ba. Ruwa da yawa zai ruɓar da shi." Ta tura masa takardar a kan benci. "Ungo, ɗanɗana wahalarka. Kuma cire rigar nan in jiƙa, ba zan shiga mota gobe da mutum kamar yaron goye ba."

Papa ya lakata, ya yamutsa fuska, ya ƙara. Daga shagon aski na tsallaken titi waƙar soyayya tana tashi, wadda tun safe suke maimaitawa. Na ga ƙafar Maame tana ɗan motsi a ƙarƙashin tiren gyaɗa.

Na ɗauki takalmina a hannu, na bi ta bayan benci na sauka daga barandar.