Gilashi ko Tsakiya

Tun da aka ɗauko Sixten Brännholm daga ƙungiyar matasa ta wasan hoki na kan ƙanƙara aka kawo shi cikin manya, aikinsa a ranar wasa ɗaya ne: ya sa cikakkun kaya, ya ɗaure takalmansa na ƙanƙara, ya zauna a ƙarshen benci yana buɗe wa masu shiga da fita ƙofa. Shi ne ɗan baya na bakwai, kuma shida ake sawa. Shekararsa sha takwas. Watan jiya ya cire ragar ƙarfen da yara ke rufe fuska da ita.

Koci Kjell-Åke ya riga ya faɗa masa: in bai nuna abin kirki ba a wasan Asabar, ranar Litinin za a ba da aronsa ga wata ƙaramar ƙungiya a kudu. Abin kirki a wurin Kjell-Åke kuwa sananne ne a duk arewacin ƙasar. Sabon ɗan baya ba ya tuƙa faifai, wato ɗan dunƙulen robar da ake bugawa da sanda a madadin ƙwallo. Da ya samu, ya maka shi a gilashin da ya zagaye gefen fili, faifan ya fice daga ɓangarensu, shi ke nan.

"Mai gadi, ƙofarka na kuka," in ji Jerker, tsohon ɗan bayan da haƙoransa na roba na gaba ke zama a kofi lokacin wasa. Ya tura taba ƙarƙashin leɓe. "A samo maka mai?"

"Ka fara sa wa gwiwoyinka, Baba. Su nake ji tun daga nan."

Ranar Asabar ɗin, ana cikin kashi na biyu, suna gaba da ci ɗaya, ƙarfen ƙasan takalmin Jerker ya karye. Ya rarrafo benci yana zage-zage. Kjell-Åke ya duba hagu, ya duba dama, bai ga kowa ba sai Sixten.

"Sixten, shiga. Gilashi, ka ji ko? Ban ce ka yi tunani ba."

Faifan ya same shi a bayan ragarsu. Ɗan gaban baƙi ya taso masa, wani kuma ya riga ya tsaya a gefe yana jiran abin da zai faɗo daga gilashi, don kowa ya san dokar gidan. Tsakiya kuwa a buɗe take, fili fetal.

"Gilashi!" Kjell-Åke ya daka tsawa.

Sixten ya bi tsakiya. Ya wuce na farko, na biyu ya zura sanda ya zare faifan. Kafin ya juyo, fitilar ci ta kama, baƙi sun farke. 'Yan kallo suka yi tsit, sai wani dattijo a sama da ya yi ihu a mayar da yaron makaranta.

A benci ba wanda ya dube shi. Jerker na can wurin mai gyara, ba a gama sa masa ƙarfe ba. Da zagayen ya dawo, dole Kjell-Åke ya sake tura shi.

"Ka ga abin da taurin kai ya jawo. Yanzu fa?"

Faifan ya sake zuwa, mutumin gefe ya sake tsayawa inda ya tsaya. Sixten ya ɗaga sanda kamar zai maka, mutumin ya manne da bango, shi kuwa ya sake bin tsakiya. Ya ratsa layin tsakiya, ya miƙa wa ɗan gabansu a kan sanda. Bugun ya daki ƙarfen raga ya dawo. Ba a ci ba. Da kunnen doki aka tafi ƙarin lokaci, baƙi suka yi nasara, Sixten na zaune.

Bayan wasa Kjell-Åke ya tare shi a bakin ɗakin canza kaya, da kofin kofi a hannu.

"Sau biyu na faɗa maka."

"Na ji, Kjell-Åke. Duka biyun."

"To me ya hana?"

"Suna jira a gilashi. In na maka, su na ba wa."

"In ka ba su a gefe, laifina ne. In ka ba su a tsakiya, naka ne. Ka zaɓi naka. Litinin ka haɗa kayanka."

Jerker ya leƙo daga ciki, tawul a wuya. "Haba Koci, na biyun ai ya yi kyau."

"Kai kuma wa ya tambaye ka?"

Sixten ya saɓa jakarsa, ya tattara sandunansa.

"Ba sai Litinin ba," ya ce. "Kira mutanen kudun ka ce ina tafe a jirgin safe. Gobe suna da wasa."