Ɗakunan Jaji Goma Sha Bakwai

"Ɗaki goma sha bakwai gare ni, kuma babu wanda ba a kwana a cikinsa."

Haka Jaji ya faɗa a zauren maƙwabcinsa Nababa, inda ya shigo dubiya. Ba wanda ya tambaye shi. Mara lafiyar na kwance a tabarma, ƙafafunsa sun kumbura kamar turmi, kwana tara ke nan ko kunu ba ya zama a cikinsa.

"Allah Ya ƙara," in ji Nababa. "Ai shi ya sa ban sake roƙonka aron ɗaki biyu ba."

Shekarun nan mahara sun hana ƙauyukan daji sakat. Kullum sai ayari ya shigo ta ƙofar ganuwa: mutanen Kutemeshi da jakunansu, matan Gwari da kaya a kafaɗa, Fulani da abin da ya rage na shanu. Birnin Gwari da a da ake noma dawa a cikin ganuwarsa, yanzu wurin kafa rumbu ma sai an kai ruwa rana. A unguwar su Jaji fili ɗaya ya rage, mai tsamiya, bayan gidajen nan biyu. Aro ne a hannun Nababa daga fada, kuma kowa ya san ranar da ya kwanta dama za a ba da shi ga gidan da ya fi jama'a.

Jaji ya daɗe da shiri. Shekara uku yana gini. Ya buga tubali, ya ɗora jinka, ya rataya asabari a ƙofa, ya koma na gaba. Mutane ne dai bai zuba ba, don a ganinsa baƙo ci gare shi, ɗaki kuwa ba ya ci. Daga shi sai matarsa Furera da tsohuwarsa da awaki.

Nababa ɗaki shida gare shi, ko ɗa bai haifa ba. Amma ya raba kowane ɗaki da zana, har ƙarƙashin rumbu akwai mai shimfiɗa. Da safe ana gaishe shi da Hausa da Gwaranci da Fillanci, duk Baba suke ce masa. Jaji kuwa ragowar gaisuwar yake samu, in sun zo wucewa. Abin na ci masa rai. Yakan tsaya jikin danga yana ƙirga hayaƙin da ke tashi a can, ya dawo tuwo ya ƙi ciwuwa.

"Jaji," Nababa ya ce, numfashinsa na sarƙewa, "ka riƙa hura wuta a ɗakunan nan naka. Jinka da hayaƙi take rayuwa."

"Kai dai ji da jikinka, Yaya."

Da ya koma gida ya ce wa Furera, "Kin ji mutumin nan? Ƙafa ɗaya a kabari, amma ɗakunana ne a ransa. Hassada ba ta tsufa."

"Ba ta tsufa kam, Malam," in ji Furera, ta ci gaba da tankaɗe.

Ranar Alhamis da hantsi Nababa ya cika. Wata tsohuwar Bagwariya ce ta fara kuka, sai gidan ya ɗauka. Wurin sallar gawa Jaji ya tsaya a sahun farko, amma wuyansa na baya. Sahu goma sha ɗaya ya ƙirga. Ya kama gefen makara, bai yi taku ashirin ba wani Bafillace ya ce, "Sannu, Malam," ya karɓe. Duk hanyar maƙabarta hannaye na rige-rigen itacen nan. Jaji ya bi su a baya yana lissafin masu ɗaukarsa in tasa ta zo. Ya kai uku, har da wanda ba sa shiri da shi.

Ranar sadakar uku aka ce Audi jakadan fada zai zo duba gidajen. A nan maganar mamacin ta faɗo wa Jaji. Hayaƙi! Ashe abin da za a duba ke nan. Gari na wayewa ya miƙa wa Furera kasko.

"Garwashi za ki zuba a kowane ɗaki, ki ɗora ɗanyen ganye."

"Girki zan yi, Malam, ko korar sauro?"

"Yi abin da na ce."

Ta yi. Kafin hantsi gidan Jaji ya turnuƙe, hayaƙi na fita ta ƙofa goma sha bakwai. Jaji ya sa rigarsa ta Juma'a, ya zauna a ƙofar zaure yana tari cikin natsuwa.

Masu zaman makoki ne suka fara gani. Wani ya yi ihun gobara. Nan da nan mutanen gidan Nababa suka kwararo da tuluna da ƙore, maza da mata, suka ture Jaji suka shige. Tun da aka kafa gidan bai taɓa ganin jama'a haka ba. A bayansu Audi ya shigo da sandarsa, dattijo ne mara gaggawa.

"Ba gobara ba ce!" Jaji ke faɗi. "Iyali ne ke ɗora tukunya!"

"Madalla," in ji Audi. "Ina iyalin?"

"Sun tafi gona."

"Suka bar tukunya a wuta?"

Ya ɗaga asabarin ɗakin farko, ya sunkuya ya shiga, Jaji na biye. Ba tabarma, ba tukunya, sai ganye na hayaƙi a tsakar ɗaki. Audi bai ma dubi ƙasa ba, sama ya duba. Duk ɗakin da ake rayuwa a cikinsa, cikin jinkarsa baƙi ne wuluk da kunkunniya. Wannan kuwa ciyawar fara tas, kamar jiya aka yanko ta.

"Shekararsa nawa?"

"Uku," in ji Furera daga ƙofa, kafin mijinta ya buɗe baki.

Audi ya ɗaga sanda ya ɗan zunguri tsaikon jinkar. Itacen ya burma. Gara ta cinye cikinsa, ƙasarta ta zubo shaa a kan hular Jaji da kafaɗun rigar Juma'a.

Bai shiga na biyu ba. Ya fito ya dubi masu tulunan, ya ce su je su share gindin tsamiya, Baba ya bar musu filin. Suka yi wa mamacin addu'a, suka fita ɗaya bayan ɗaya da ruwansu a ka.

Jaji na tsaye a tsakar gida bai kakkaɓe hular ba. Daga ɗaki na goma sha bakwai wata kaza ta fito, hayaƙi ya kore ta daga kan ƙwanta. Ta tsaya a bakin ƙofa tana jira ya lafa.